Kiwon zomo a Tasawa da Mayahi: Haɗarin fiɗiyar gida da yadda ake sama wa namiji abokin zama

A gundumomin Tasawa da Mayahi da ke jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, da wuya mutum ya shiga gida ya rasa akuya ko tunkiya a turke. Zomo kuwa bai samu wannan matsayi ba. Galibi kiwon yara ne da samari, a cikin kejin katako da waya a bayan ɗaki, kusa da ɗakin tantabaru. Wani ya saye shi don ya hayayyafa ya riƙa sayarwa, wani don sha'awa kawai. Wani kuma yayansa ne da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Legas ya aiko da kuɗi, ya ce a saya wa ƙanne abin da zai ɗauke musu hankali daga yawon banza.

Matsala takan fara ne bayan 'yan watanni. Ɗan zomon da aka sayo mai sanyin hali, da zarar ya kai wata 4 zuwa 6 sai ya balaga. Daga nan ya fara fesa fitsari a bango da jikin mai ba shi abinci, ya riƙa cizo, ya kuma far wa ɗan'uwansa namiji da suka tashi tare. Idan da zomanya aka haɗa shi, haihuwa ce za ta yi ta zuwa wata bayan wata har abinci ya gaza.

A irin wannan lokaci ne ake ba mai zomon shawarar da kowa ya sani a yankin, wato a dandaƙe shi kamar yadda ake yi wa bunsuru. Shawarar tana da sauƙin bayarwa, amma ga zomo tana iya zama ajali.

Ƙasar da ta san fiɗiya

Ba abin mamaki ba ne a fara tunanin fiɗiya a wannan yanki. Tasawa, wadda ke kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi a kan babbar hanyar Damagaram, tana tsakiyar ƙasar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna saboda yawan haihuwa da kyan fata. Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ma'aikatan kiwo suka riƙa yi wa bunsurayen da ba ja ba fiɗiya domin kada irin ya gauraya, kuma a 1963 aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi don inganta shi.

Saboda haka makiyayi a Kanambakashe ko Korgom ya san taure, ya san dalilin da ya sa ya fi bunsuru ƙiba da rashin wari. Ya san dandaƙa irin ta gargajiya, ya kuma san matsatsin ƙarfen da malaman dabbobi ke amfani da shi, mai suna Burdizzo, wanda ke murƙushe jijiyar maraina ba tare da an yanka fata ba. Wasu kuma zoben roba suke ɗaurawa.

A fannin addini ma batun ba baƙo ba ne. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen yankin ke bi, sun halatta fiɗiyar awaki da tumaki saboda amfanin da ke cikinta, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci hakan. Abin da shari'a ta hana shi ne azabtar da dabba. A nan ne batun zomo ya bambanta da na bunsuru, domin hanyoyin da bunsuru ke jurewa azaba ce zalla ga zomo.

Jikin zomo daban yake

Marainan bunsuru a rataye suke, da wuya mai tsawo da ƙarfe ko roba za su iya kamawa. Na zomo a kwance suke a gefe biyu, cikin fata mai laushi ƙwarai. Bugu da ƙari, ƙofar da ke tsakanin cikinsa da jakar marainan a buɗe take har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa idan ya tsorata yake iya janye 'ya'yan marainan su koma ciki, mai dubawa ya ɗauka mace ce.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa ita ce babban haɗarin. Wanda ya sa reza ya cire 'ya'yan marainan bai rufe ta ba, hanji ko mafitsara na iya zubowa ta wurin. Wanda ya ɗaura roba kuwa, zomon zai juya ya ciccije wurin da haƙoransa saboda zafi, ciwon ya ruɓe, ƙuda ya sa masa tsutsa.

Ko riƙon da ake yi masa ma abin tsoro ne. Ƙashin zomo bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, alhali ƙafafunsa na baya suna da ƙarfi sosai. Idan aka danne shi yana shure-shure, yana iya karya ƙashin bayansa da kansa ya shanye. Ɗaga shi ta kunne, kamar yadda ake gani a kasuwanni, yana ji masa ciwo. Daidai shi ne a tallafi ƙirjinsa da hannu ɗaya, a tokare ɗuwawunsa da ɗayan.

Akwai kuma batun zafin ciwo. Zomo ba ya kuka kamar akuya, sai ya lafe a lungu ya daina cin abinci. Hanjinsa kuwa an halicce shi ne ya riƙa aiki dare da rana. Idan ya yi sa'o'i 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, hanjin na iya tsayawa, iska ta cika cikin, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa wannan ne ke kashe zomon da aka yi wa fiɗiyar gida, mai shi kuma ya ce ai kwanansa ne ya ƙare.

Abin da aikin likita ya ƙunsa

Fiɗiyar zomo tiyata ce ta likitan dabbobi, ana yin ta ne bayan an sa shi barci da allura ko iskar magani. Likita kan tsaga fatar, ya ɗaure jijiyoyin jini, ya cire 'ya'yan marainan, ya rufe ƙofar nan, sannan ya ba shi maganin kashe zafi. Ana iya yin ta tun yana wata 4 ko 5, kuma balagagge mai shekara biyu ko uku ma ana yi masa, muddin likita ya duba ya tabbatar da lafiyarsa.

Duk da haka aikin yana da nasa haɗarin. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya, wanda aka wallafa a 2008, ya nuna cewa kashi 1.39 cikin 100 na zomayen da aka sa barci sun mutu, idan aka kwatanta da kashi 0.17 na karnuka da kashi 0.24 na kyanwoyi. A tsakanin zomaye masu lafiya adadin ya sauko zuwa kashi 0.73. Ma'ana, ko a inda kayan aiki suka wadata, zomo ya fi kare da kyanwa wuyar sha'ani, don haka tambayar farko da ya kamata mai zomo ya yi wa likita ita ce ko ya taɓa yi wa zomo wannan aiki.

Akwai wata alama mai sauƙi da ke nuna wanda ya san dabbar. Mutum da kare ana hana su abinci kafin tiyata saboda gudun amai. Zomo ba ya amai, kuma barin sa da yunwa na cutar da hanjinsa, saboda haka ana barin sa ya ci ciyawarsa har kusan lokacin aikin. Duk wanda ya ce a kwana ba a ba shi abinci ba, to da wata dabba yake kwatanta shi.

Lokacin shekara ma yana da muhimmanci. Zomo ya fi jin daɗi a yanayin digiri 15 zuwa 21, kuma yakan fara galabaita idan zafi ya haura 30, domin ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake rage zafin jiki. A Tasawa da Mayahi zafin Afrilu da Mayu kan wuce digiri 40, damina kuma lokacin ƙuda ce. Watannin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su suka fi dacewa da tiyata.

Kwanakin jinya

Bayan an dawo da shi gida, a ajiye shi shi kaɗai a inuwa, a kan tsumma ko buhu mai tsabta. Kada a bar shi a kan yashi ko a ramin da ya haƙa, don ƙasa za ta shiga ciwon. A sa masa ruwa da abincin da ya saba da shi, kamar harawar wake ko ta gyaɗa, da ɗanyen ganye irin na zogale ko dankali ko latas don ya ja ra'ayinsa. A riƙa duba kashinsa, domin shi ne shaidar hanji na aiki. A duba wurin ɗinkin safe da yamma har kwana 10. Kumburi kaɗan ba abin damuwa ba ne, amma jini ko ruwa mai wari ko ƙin cin abinci na nufin a koma wurin likita nan take.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki shi ne sayo magani daga masu tallar ƙwayoyi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da mutane suka saba sha, irin su amoksisilin da ampisilin da linkomaisin, idan aka ɗura wa zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, sai zawo mai tsanani ya biyo baya, sau da yawa har da mutuwa. Haka nan maganin ƙuma na karnuka mai ɗauke da sinadarin fipronil guba ne gare shi.

Abu na biyu da ke ba mutane mamaki shi ne, namijin da aka yi wa fiɗiya yana iya yi wa zomanya ciki har zuwa mako 4 zuwa 6 bayan aikin, saboda sauran maniyyi da ke cikin jijiyoyinsa. Halinsa ma ba ya canzawa rana ɗaya. Fesa fitsari da faɗa kan ragu ne a hankali cikin makonni, kuma wanda ya daɗe da balaga yana iya riƙe wasu ɗabi'un. Shi ya sa ake jira mako 6 kafin a fara maganar haɗa shi da wani.

Zomon gida ba na daji ba ne

Bahaushe da suna ɗaya yake kiran su, amma zomon da karnukan farauta ke kora a kwarin Gulbin Kaba daban yake da na keji. Na dajin shi kaɗai yake rayuwa, ba ya haƙa rami mai zurfi, kuma 'ya'yansa da gashi ake haihuwarsu, ido a buɗe. Shi ne wanda aka ce kowa ya ci shi ya ci gudu. Na gida kuwa asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, inda kakanninsa ke zaune jama'a-jama'a a cikin ramuka masu ƙofofi da yawa. 'Ya'yansa tsirara ake haihuwarsu, ido a rufe har kusan kwana 10. Jinsunan biyu ba sa haihuwa da juna.

Wannan asali ne ya sa zomon gida ke buƙatar ɗan'uwa. Suna lasar juna a ka da kunne, suna kwanciya jiki da jiki, ɗaya na kiwo ɗaya na gadi. Wanda aka kulle shi kaɗai yakan koma cizon waya, ko tsige gashinsa, ko ya zauna shiru a lungu yini guda. Zomon da ke samun kulawa na iya kaiwa shekara 8 zuwa 12, kuma wannan zaman kaɗaici ne mai tsawo.

Sai dai dabbar da ke son jama'a ita ce kuma mai kishin wurinta. Maza biyu balagaggu da ba a yi musu fiɗiya ba suna iya yaga wa juna kunne da ciki, kuma maraina suke nema idan faɗa ya yi tsanani. Namiji da mace kuwa lissafinsu a fili yake. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, takan haifi 'ya'ya 4 zuwa 10, kuma tana iya ɗaukar wani cikin kwana ɗaya bayan haihuwa, domin barbarar ce da kanta ke sa ta saki ƙwai.

Haɗin da ya fi zama lafiya shi ne fiɗiyayyen namiji da zomanya. A ƙasashen da tiyatar dabbobi ta yi nisa ana cire wa macen mahaifa ita ma, saboda sankarar mahaifa ta yi yawa a tsakanin zomanyoyin da suka haura shekara 3 zuwa 4. Wannan aiki ya fi na namiji girma, tunda sai an buɗe ciki. Idan ba a yi mata ba, za su iya zama tare, amma wani lokaci takan yi cikin ƙarya na kwana 16 zuwa 18, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi sheƙa, ta kuma yi zafin rai har ya wuce.

Ɓeran Masar, wanda yara kan zuba a keji ɗaya da zomo, ba ya maye gurbin ɗan'uwa. Abincinsu ya bambanta, zomo na iya ji masa rauni da shuri, yana kuma iya ɗauke da ƙwayar cutar numfashi da ke kwantar da ɓeran.

Yadda ake haɗa su

Matakin farko shi ne killace baƙon. Duk zomon da aka sayo a kasuwa a ajiye shi nesa da na gida aƙalla mako 2, a duba ko yana da ƙazuwa a kunne da hanci, ko majina, ko zawo. Akwai wata cutar zubar jini ta zomaye da aka fara gani a Chaina a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma a 2020 ta hallaka zomaye masu yawa a Najeriya, ciki har da jihohin Kwara da Oyo. Tana iya share keji cikin 'yan kwanaki, kuma takan bi takalmi da buhun abinci ta shiga gida.

Bayan killacewa sai a jera kejinsu kusa da juna, a bar tazarar da baki ba zai kai ba ta tsakanin waya. Su ga juna, su ji warin juna, su ci abinci a lokaci ɗaya. Kowane kwana ɗaya ko biyu a musanya musu shimfiɗa, ko a musanya kejin baki ɗaya, har warin kowanne ya daina zama baƙo ga ɗayan. Wannan kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Haɗuwar farko a yi ta a wurin da babu wanda ya taɓa zama a cikinsu, kamar zaure ko wani ɗaki da aka share. Kada a kai namiji cikin kejin mace, domin zomanya ta fi namiji tsare wurinta. A zuba ciyawa a tsakiya, a kawar da duk wani lungu mai ƙofa ɗaya da za a iya ritsa ɗaya a ciki. Minti 10 zuwa 15 sun isa a ranar farko, da sanyin safiya ko bayan la'asar, kuma mai su ya tsaya a kansu da faifai ko kwali a hannu. Wanda ya sa hannu tsirara tsakanin zomaye masu faɗa zai sha cizo.

Idan suka yi kamar ba su ga juna ba, kowa na cin ciyawarsa, wannan alama ce mai kyau. Hawan juna da 'yar kora da tsige ɗan gashi duk hanyar tantance babba ce, kuma mace ma tana hawan namiji. Abin lura shi ne idan ɗaya ya hau ta wajen kai, a janye shi a hankali, don na ƙasa na iya cizon al'aurarsa. Alamar faɗa na gaske ita ce kunnuwa a kwance baya, wutsiya a ɗage, suna zagaya juna da sauri. Da an ga haka a raba su kafin su cukuikuye, a bari sai gobe.

Kullum a ƙara lokacin kaɗan. Ranar da ɗaya ya sunkuyar da kai ɗayan ya lashe shi, ko suka miƙe ƙafa suka kwanta gefe da gefe, an kusa. Wasu kwana uku ya ishe su, wasu sai wata biyu ko uku, wasu kuma jininsu ba ya haɗuwa ko kaɗan, sai dai su zauna maƙwabta ta bayan waya. Idan sun yi yini da kwana tare ba hayaniya, sai a wanke kejin da za su zauna sosai, a sa kwanon abinci biyu da na ruwa biyu. Daga nan kada a sake raba su. Ko ɗaya za a kai wurin likita a tafi da su biyun, domin wanda ya dawo da baƙon wari ɗan'uwansa na iya far masa kamar bai taɓa saninsa ba.

Ina za a samu likitan?

Aikin kula da lafiyar dabbobi a karkarar Nijar an gina shi ne a kan shanu da raƙuma da awaki da tumaki, waɗanda su ne dukiyar ƙasa. Rigakafin da hukuma ke yi duk shekara su ya shafa. Tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka fara gwadawa a Dakwaro da ke jihar Maraɗi a 2003 kafin ya bazu, shi ma ya dogara ne ga mataimaka da aka horar kan allura da ba da magani. Mataimakin da ya ƙware a kan bunsuru ba lallai ne ya taɓa sa zomo barci ba.

Saboda haka mai zomo a Tasawa ko Mayahi ya fara da ofishin ma'aikatar kiwo na gundumarsa, ya nemi a haɗa shi da cikakken likita, ko da sai ya je Maraɗi ko Damagaram. Da yawa daga cikin likitocin dabbobin Nijar sun yi karatu a makarantar haɗin gwiwa ta Dakar da aka kafa a 1968. A tsallaken iyaka kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Idan tafiya ta kama, a yi ta da asuba, cikin kwali mai ramukan iska, kada a ɗaure shi a buhu a bayan babur da tsakar rana.

Ba kowane mai zomo ne ke buƙatar fiɗiya ba. Mai kiwo don kasuwa namiji ɗaya ya ishe shi ga mata 8 zuwa 10, kowa da kejinsa, a kai mace wurin namiji lokacin barbara a dawo da ita, sauran mazan kuma a sayar ko a yanka suna wata 3 zuwa 4 kafin su fara faɗa. Fiɗiya ta wanda ya ɗauki zomo abin sha'awa ce, yana son ya zauna da shi shekaru. Shi ma idan bai samu likitan da ya iya ba, keji biyu a jere da waya a tsakani sun fi reza da roba.

Ga ɗan ci-ranin da ke shirin aiko da kuɗin zomo kuwa, kuɗin dabbar su ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Akwai keji biyu da rumfar da za ta kare su daga zafin bazara. Akwai harawar da za a saya tun da kaka a adana kafin ta yi tsada da rani, da kuɗin mota zuwa wurin likita. Sannan sai a tabbatar akwai wanda zai ci gaba da ba su ruwa safe da yamma idan yaron da aka saya wa ya koma makaranta, ko shi ma ya bi sahun yayansa ya tafi ci-rani.